Yadda Za Ka Gano Ma'anar Kalmar Turanci Daga Ɗafa-goshinta

Ɗalibai sun yi ta tambayata wannan, musamman masu shirin jarrabawa. Ga yadda nake yi:

1. Rubuta kalmar a takarda. Mu ɗauki submarine.

2. Ja layi ka ware ɗafa-goshin, wato guntun da aka liƙa a farkon kalmar, daga saiwar, wato ainihin kalmar: sub da marine.

3. Tuna ma'anar ɗafa-goshin. Daga Latin: sub ƙarƙashi, pre kafin, post bayan, trans ƙetare. Daga Girkanci: tele nesa, micro ƙarami, poly da yawa.

4. Fassara saiwar. Marine abin da ya shafi teku ne.

5. Haɗa su: jirgin ƙarƙashin teku ke nan.

Hattara a nan! Anti adawa ne, ante kuwa kafin, shi ya sa ake kiran awon ciki antenatal. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne in. A incorrect korewa yake yi, amma inflammable da ake rubutawa a jikin tankar mai na nufin abu mai saurin kama wuta. Kada ka kusance ta da ashana.

6. Mayar da ma'anar cikin jimlar da ka tsinci kalmar ka ji ko ta zauna.

7. In ba ta zauna ba, buɗe ƙamus.