In ka bar Ghana ba ka jin yaren wurin: yadda za ka yi da polis da asibiti

Mu mutanen Zango mun saba da baki uku, Hausa a gida, Twi a kasuwar Kejetia ta Kumasi, turanci in an shiga ofis, shi ya sa da yawanmu ke ganin duk inda muka faɗa za mu iya. Toh ka tsallaka bodar Aflao kawai ka shiga Lome labari ya canza, balle Abijan ta Elubo, balle Guanzu ko Jidda. Ciniki dai kalkuleta ya isa. Gaban ɗan sanda da gaban likita ne ba ya aiki, kuma shirin wannan tun a gida, Aboabo ko Nima, ake yinsa kafin a ɗaure kaya.

Fara da takarda guda ɗaya. Ka je wurin dokta ko famasi ka ce su rubuta maka ciwon da kake da shi, hawan jini ne, suga ne, sikila ce, da maganin da jikinka ba ya so, da wanda kake sha kullum. Amma a rubuta asalin sunan sinadarin, ba sunan kamfani ba, ko da yake shi ma wani lokaci yana bambanta, abin da muke ce wa farasitamol a Amurka acetaminophen suke cewa. Sai ka sa a juya maka ita zuwa Faransanci ko Larabci ko Sinanci, ka saka cikin fasfo tare da katin allurar shawara, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Hajiyoyinmu masu juye ƙwayoyi cikin leda ɗaya, fari da ja da ruwan ɗorawa duk a haɗe, don Allah ku daina, ku bar kowane a kwalinsa. Tiramol da kodin kuwa a Dubai da Saudiyya in babu takardar likita suna iya kai mutum kurkuku, kuma goro ma Saudiyya ba ta yarda a shigo da shi ba.

In polis ko jandarma ya tsayar da kai, babbar matsalarmu ita ce ladabi. An koya mana in babba na magana ka riƙa gyaɗa kai kana toh, toh, shi kuma a wurinsa ka amsa laifi kenan. Kada ka gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da yaren da kake ji ba ko da sun ce sa hannu ka tafi gida, don sau da yawa wannan takardar ce za a kai gaban alƙali a ce ga abin da ka faɗa da bakinka. Ka nemi tafinta: a ƙasar Faransanci ka ce interprète, a ta Larabawa mutarjim. Ka kuma nemi a sanar da ofishin jakadancin Ghana, haƙƙinka ne a yarjejeniyar Vienna ta 1963, amma sai ka nema da bakinka. Tafintan da ya ɓullo daga bakin titi yana cewa ɗan uwa bari in taimaka, ka yi hattara, ba ka san me yake ƙarawa ba. Kuma hannunka ya yi nesa da aljihu, "na ruwa" da wasu suka saba miƙawa a hanya, a can sabuwar tuhuma ce.

Asibiti kuma kada ka fara da dogon labari. "Jikina ne ba daɗi" ko Google Translate ba zai iya da shi ba. Nuna wurin da yatsa, nuna kwana nawa, gajerun jimloli ɗaya bayan ɗaya. In zazzaɓi ne ka faɗi kalma biyu, Ghana da malariya, ka maimaita, saboda likitan Istanbul ko Guanzu ba kullum yake ganinta ba, yana iya ɗauka mura ce. In an ba ka magani, sa su rubuta da lamba sau nawa a rana. Malamanmu ma kada Larabcin makaranta ya ruɗe ku, nas ɗin da za ta karɓe ku a Makka tana iya zama 'yar Filifin ko Indiya, turanci ne zai fi tafiya da ita.

Google ba ya aiki a Sin, don haka ka sauke yaren a waya tun kana gida. Lambobin gaggawa kuma a takarda: Sin 110 polis, 120 motar asibiti, Dubai 999 da 998, Turkiyya 112 kamar namu, Makka 911. Katin NHIS ɗinka na inshorar lafiyar Ghana iyakarsa boda, in ba ka da inshorar tafiya ka ware kuɗin asibiti daban da jarin kaya.