Shawara ga masu ɗinki kan ciwon wuya da ƙugu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar ɗinki. Da yawa daga cikinmu muna fama da ciwon wuya da ƙugu, musamman idan Sallah ta ƙarato, lokacin da mutum yakan wuni har ya raba dare a kan keke. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5, kuma duk lokacin da aka sunkuyar da shi don duba allura, tsokar bayan wuya ce take riƙe da shi na tsawon sa'o'i, shi ya sa kafaɗu suke yin tsami da yamma.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne gyara zama. A jawo kujera kusa da keke sosai, a zauna har ƙugu ya taɓa majingina, sannan a naɗe ƙaramin tawul a sa a ƙasan baya. Wanda yake aiki a kan benci, gara ya nemi kujera mai majingina. A kuma ƙara haske a kan allura, domin duhun shago ne yake sa mu sunkuyawa ba tare da mun ankara ba.

Kada a wuce minti 30 zuwa 40 ba a miƙe ba, ko da ɗauko zare ne ko yin guga. A ja kafaɗu baya a hankali, a juya wuya dama da hagu.

Idan kuwa ciwon yana sauka har ƙafa, ko ƙafar tana rasa ƙarfi, ko riƙe fitsari ya gagara, a je asibiti ba tare da jinkiri ba.