Yadda malami zai saka gutsuren waƙa a darasi ba tare da ya taka haƙƙin mallaka ba

Maganar da ta fi yawo a bakin malamai ita ce, wai muddin gutsuren waƙa bai wuce daƙiƙa 30 ba, babu laifi. Wannan ba doka ba ce. Asalinta wata jagora ce da aka fitar a Amurka a 1996 don masu haɗa kayan koyarwa, wadda ta ba da shawarar kada a ɗebi fiye da kashi 10 cikin 100 na waƙa, kuma kada a haura daƙiƙa 30. Abin da alƙali ke dubawa shi ne sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, wanda ya halatta amfani bisa adalci, da ma'auni huɗu: manufar amfanin, irin aikin da aka ɗiba, yawan abin da aka ɗiba, da illar da hakan zai yi wa kasuwar aikin.

Da farko, tantance inda darasin zai gudana. In a cikin aji ne, ido da ido, a makarantar da ba ta neman riba, sashe na 110 ya ba ka damar kunna waƙar ga ɗalibai. In ta intanet ne ga ɗaliban da suka yi rajista, gyaran dokar da aka yi a 2002 ya yarda, amma da sharaɗin a taƙaita shi ga ɗaliban, a kuma hana su ajiye fayil ɗin ko yaɗa shi. In kuwa bidiyo ne a buɗe ga kowa a YouTube, ma'aunan nan huɗu kaɗai ne garkuwarka.

Sai ka duba me ke hannunka. Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi biyu: na wanda ya tsara kiɗa da baitoci, da na wanda ya mallaki naɗin muryar. Beethoven ya rasu a 1827, kiɗansa ya zama na kowa, amma naɗin da wata ƙungiyar makaɗa ta yi masa bara yana da mai shi. A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. A Amurka, naɗin da aka fitar kafin 1923 ya zama na kowa tun 1 ga Janairu 2022.

Yanzu yankan, kuma a nan aikin yake. Kafin ka buɗe manhaja, rubuta a jimla ɗaya abin da kake son ɗalibi ya ji. Misali: "yadda ganga ke sauya bugu daidai lokacin da mawaƙi ya ɗaga murya." Buɗe fayil ɗin a Audacity, manhajar gyaran sauti, nemo wurin, ka bar daƙiƙa biyu kafin sauyin domin kunne ya kama bugun farko, da uku ko huɗu bayansa. Sau da yawa daƙiƙa 8 zuwa 12 sun wadatar. Sassauta sautin a farko da ƙarshe don kada ya yanke kwatsam. Ka kula da amshi, domin shi ne zuciyar waƙa, kuma ƙanƙantar gutsure ba ta wanke mai ɗibarsa. A 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta kama wata mujalla da laifi kan kalmomi kusan 300 kacal da ta ɗebo daga tarihin rayuwar tsohon shugaban ƙasa Gerald Ford, saboda su ne ƙashin bayan littafin. In darasinka a kan amshin yake, ɗebe shi, amma zagaye ɗaya.

Daga nan ka yi magana a kansa. Kunna, tsayar, bayyana, in da buƙata ka sake kunnawa. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1994, abin da ake bai wa nauyi shi ne ko ka ƙara wa aikin sabuwar ma'ana ko manufa. Waƙar da ke tashi a bayan fage don armasa bidiyo ba koyarwa take yi ba, ko da bidiyon na ilimi ne. Cire ta.

Rubuta sunan mawaƙi, mai tsara kiɗa, kamfani da shekara a kan allo. Ambaton suna ba izini ba ne, amma a Birtaniya sharaɗi ne a sashe na 32 na dokar 1988. Ka kuma ajiye 'yar takarda mai nuna daƙiƙoƙin da ka ɗiba da dalilin ɗibarsu.

Takardar nan za ta yi maka rana idan Content ID na YouTube ya kama bidiyonka. Na'ura ce ke gwada sauti da sauti, ba ta san darasi ba. Shigar da ƙorafi, ka faɗi daga daƙiƙa nawa zuwa nawa gutsuren yake da abin da ka koyar da shi. Mai da'awar mallakar waƙar yana da kwana 30 ya amsa. In ya ƙi, auna ƙarfin hujjarka kafin ka ɗaukaka ƙara, domin zai iya neman a sauke bidiyon, wanda ke jawo gargaɗi a kan tasha, kuma gargaɗi uku na iya rufe ta. In hujjar na da rauni, gajarta gutsuren, ko ka buga salon da hannunka a kan wani kiɗa da ka tsara.