Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen gyaran hannun giyar mota otomatik

Da zarar mota ta ƙi fita daga P, ko hannun giya ya saki yana lilo babu riƙo, sai ka ji yaron gareji ya ce wa mai mota, "Alhaji, giyabos ya tafi." A tsofaffin Camry, Corolla da Accord da suka cika titunan Katsina, sau tari giyabos ɗin lafiyarsa ƙalau. Tsakanin hannun direba da giyabos akwai kebul, da bush a kowane bakinsa, da solenoid mai kulle hannun a P, da swic mai gaya wa mota giyar da aka sa. Kafin a taɓa giyabos, a tokare taya, a ja hambirki, a murza makulli ba tare da tayar da inji ba. Wani ya taka birki yana motsa hannun, kai kuma ka buɗe bonet ka kalli ɗan ƙarfen da kebul ya kama a jikin giyabos. In hannu na tafiya ƙarfen na tsaye, bush ya fashe ko kebul ya tsinke.

Bush ɗin roba ne, shekaru da zafin inji ke busar da shi har ya farfashe. Ɗaure wurin da waya ko robar tiyub dabarar kai mota gida ce, ba gyara ba. A sa sabo daidai girmansa, a danna shi har ya zauna daram.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne saitin kebul da ido. Bakanike ya sa sabon kebul, ya ga mota ta shiga D ta tafi, ya ɗaure noti ya karɓi kuɗinsa. To, a cikin giyabos akwai bawul da wannan kebul ke ja, shi ke raba mai zuwa inda ya dace. In saiti ya goce ko kaɗan, bawul ɗin zai tsaya tsakanin giya biyu, ƙarfin mai ya ragu, faifan kuloci su riƙa sulɓi suna ƙonewa a hankali. Bayan wasu watanni man giya ya yi baƙi yana ƙauri, sai a ce motar ce ta tsufa. Ba tsufa ba ne, ganganci ne! A Toyota ga yadda ake yi: a sassauta notin da ya riƙe kebul a jikin ƙarfen giyabos, a tura ƙarfen da hannu har ƙarshe wajen P, a dawo da shi ƙas biyu, nan ne N. A sa hannun giya na ciki shi ma a N, a ɗan karkata shi kaɗan wajen R, sannan a ɗaure noti. Daga nan a bi P, R, N, D, 2, L ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗa gurbinta, harafin da ke das bod ya dace da inda hannu yake. Aikin bai kai rubu'in awa ba, amma shi ne yara ke tsallakewa saboda oga na jiran sifana.

Sai ɗanyen aikin wasu rewaya. Mota ta ƙi kik a P amma tana tashi a N, alamar saiti ya goce ne ko swic ɗin da ke jikin giyabos ya yi datti. Maimakon a gyara, sai a haɗe wayoyi biyu don ta tashi a kowace giya. Haba malam! Motar da za ta tashi a D a ƙofar gida, yara na wasa a gabanta, wa zai ɗauki alhakin? Swic ɗin nan don hana hakan aka yi shi, kuma ta cikinsa fitilar ribas ke samun wuta. A kwance shi, a wanke ƙarafunan ciki, a mayar, a daidaita tsagarsa da layin N da ke jikinsa kafin a ɗaure. Gwaji ɗaya ne: kik ya yi a P da N kaɗai.

In hannu ya maƙale a P, kada a fizge shi da ƙarfi. A taka birki a duba fitilun baya. In ba su kama ba, fiyus ne ko swic ɗin birki, domin daga nan solenoid ke samun umarni. In sun kama amma ba a ji ɗan ƙas a gindin hannun ba, a buɗe murfin a duba: lemo, zoɓo da shayin da ke zubewa a wurin kan danƙare makullin hannun giyar. Akwai ɗan maɓalli ko rami kusa da hannun da ake dannawa a fitar da mota daga P, na gaggawa ne, ba na kullum ba. Masu cire solenoid ɗin su yar kuwa, ni dai ba na ba su ko riƙon tocila.

Giris ma ana shirme. A cika wurin da baƙin giris na boris ko a tsiyaya man inji, ƙurar hunturu ta zo ta haɗu da shi ya zama taɓo mai cinye roba. Ɗan shafe na giris ɗin silikon a inda roba ke gogar ƙarfe ya wadatar, bayan an goge tsohon tas.

Kebul ya bi hanyarsa ta asali, kowane kilif a mazauninsa, nesa da salansa. In an tarar cikin kebul ya narke alhali bai taɓa salansa ba, a duba wayar as, wato mai mayar da wuta zuwa batir, da ke tsakanin inji da bodi. In ta tsinke ko an manta da ita bayan sauke inji, wutar kik kan bi ta kebul ɗin giya, sabon ma haka zai narke.

Wanda zai sayo hannun giya na Beljiyam, a nan gari ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da tsohon a hannu. Shekara ɗaya da suna ɗaya ba su isa ba. A ƙirga bakin soket, a gwada tsawon kebul, a duba ko akwai maɓallin O/D, mai kunna ko kashe giyar ƙarshe. A cire kan batir kafin a zare soket, a kuma ɗauki hoton wurin da wayar hannu kafin a kwance.

Direba ma yana da nasa laifin. A gangara, sa P kafin hambirki na ɗora nauyin mota kacokan kan ɗan ƙarfen da ke kulle giyabos, shi ya sa hannun ke tauri har a fasa sabon bush. A taka birki, a sa N, a ja hambirki, a saki ƙafa mota ta zauna, sannan a sa P.