Yadda za ki yi wa simintin karayar yaronki ado ba tare da kin ɓata ɗorin ba

Bara da zafin nan na watan Afrilu autana ɗan shekara 6 ya faɗo daga kan mangwaro a gidan kakarsa a Yelwa nan Bauchi, ya dafa ƙasa da hannun hagu, muka kwashe shi sai asibiti aka ɗau hoto aka ce ƙashin sama da wuyan hannu ne ya karye, aka naɗa masa siminti tun daga tafin hannu har kusa da gwiwar hannu. Ciwon kam cikin kwana uku ya lafa. Abin da ban zata ba shi ne yadda yaron ya tsani farin abin nan, ya ƙi fita ƙofar gida, ya ce shi ba zai je islamiyya ba za a yi masa dariya, da daddare kuma in ta jin yana ɓantarar gefen simintin da haƙori. Ranar da yayarsa ta zana masa giwar Yankari a kai da hanci har wajen babban yatsa, wallahi ranar ya fita layi da kansa yana nuna wa kowa, kuma daga nan bai ƙara sa masa haƙori ba.

Ado ba ya haɗa ƙashi, wannan aikin jiki ne da ikon Allah, yawanci hannun yaro sati 4 zuwa 6 ne don ƙashin yara ya fi na manya saurin kamawa. Amma yaron da ya ɗauki simintin a matsayin kayansa ba ya dukansa da bango, ba ya ƙoƙarin zare shi, kuma shi ne abin da ake so, ƙashin ya zauna cak har ya kama.

Toh farko dai ki yi haƙuri ya bushe. Farin simintin nan da aka fi sa wa a asibitocinmu yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin ya bushe har ciki, ko da kin taɓa kin ji waje ya yi tauri. In kika danna biro a kai yana ɗanye zai lotsa, lotsawar nan kuma ita ce za ta dinga danne fata daga ciki har ta zama gyambo. A kwanakin nan aikinki kawai ki ɗora hannun a kan filo ya ɗan fi ƙirji tudu saboda kumburi. Akwai wani na faiba mai kala-kala, ba shi da nauyi kuma yana saurin bushewa, sai dai ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, in akwai shi ki bar yaron ya zaɓi kalar da bakinsa.

Abin zane kuwa, biron kala mai bakin soso ɗin nan da yara ke ce wa maka shi ya fi, kina shiga kasuwar Wunti wajen masu littattafai za ki samu. Banda fentin mai, banda fentin feshi, banda jan farce, kuma kar a shafe simintin gaba ɗaya ko a naɗe shi da salatif, don yana da ƙananan ƙofofi da gumi ke fita ta nan, in kika toshe su a zafin Bauchi sai ƙaiƙayi da kurajen zafi da wari. Zane nan da can da fili a tsakani ya isa. Kar a manna duwatsun ado ko 'yan ƙananan bid, suna ɓallewa su faɗa ciki, ƙaramin yaro ma ya kai baki. In likita ya rubuta kwanan wata a jiki ki bar masa wajen.

Sannan ki bar yaron ya zaɓi abin da za a zana, ni wannan ne na ga ya fi komai aiki. Nawa bayan giwa sai ya ce a rubuta masa Wikki Tourists, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Bauchi, 'yan ajinsu suka zo dubiya kowa ya sa sunansa, ya koma kullum yana lissafa su kafin barci. Mun kuma ja layuka a gefe ɗaya, duk Juma'a ya cike guda da jan biro, da idonsa yake ganin saura nawa. Roƙona ɗaya, kar a rubuta aya ko sunan Allah, da simintin zai shiga banɗaki kuma ƙarshensa yankewa za a yi a zubar.

Yanzu ga inda nake so iyayen 'yan mata su saurare ni da kyau. Kar a yi wa yarinya lalle ko ƙunshi a yatsun hannun da ya karye, ko da sallah ce ko biki, a yi mata a ɗaya hannun. Farcen nan da shi ake gane ko jini na gudana, ki danna shi ya yi fari, ki saki, cikin daƙiƙa 2 ya kamata kalarsa ta dawo, in lalle ya rufe shi ta ina za ki gani? Ki dinga dubawa safe da yamma. In yatsun suka kumbura sosai, ko suka yi sanyi, ko suka canja kala, ko yaron ya ce ba ya jin su, ko ciwo yana ta ƙaruwa har in kin miƙe masa yatsa sai ya ƙwalla ihu, kar ki jira gari ya waye, ki koma asibiti a lokacin, simintin ne ya matse kuma hakan na iya kashe naman hannu cikin awanni. Haka in kika ji ɗoyi ko kika ga tabon ruwa ya ɓullo ta jikin simintin ko zazzaɓi ya zo, shi ya sa ma na ce kar a rufe shi duka da kala.

Ƙaiƙayi dai sai ya zo. Kar a tura tsinke ko biro ko karan tsintsiya, kar a zuba hoda. Ki ɗan ƙwanƙwasa saman simintin, ko ki saita fanka ko mafici ta bakin. Wanka kuma a sa leda a ɗaure ta sama da simintin, ya ɗaga hannun sama, ki goge shi da soso a hankali.

Ranar cirewa ki gaya masa tun daga gida cewa injin yanka simintin yana da ƙara amma kaɗawa yake yi ba juyawa ba. Hannun zai fito siriri fatar tana saɓa, a wanke da ruwan ɗumi a shafa man kaɗanya, kar a dirje. Mu na roƙi wanda ya yanka ya kauce wa giwar, ya yi dariya ya yanka ta gefe, ɓallin yana nan cikin durowar yaron har yau.