Yadda Ake Auna Tafiya da Lafiyar Mota Ta Hannu Kafin A Biya Kuɗi

Lambar da ke kan agogon tafiyar mota magana ce ta mai sayarwa, kuma kamar kowace magana a wurin ciniki, sai an nemo mata shaida. Shaidar tana jikin motar.

Ka fara da lissafi. Duba ko agogon yana ƙirga mil ne ko kilomita, domin mil ɗaya ya kai kusan kilomita 1.6, saboda haka motar da ta nuna mil 100,000 ta yi tafiyar kusan kilomita 160,000. Daga nan ka raba adadin da shekarun motar. Motar hawa ta yau da kullum takan yi kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara, don haka idan aka nuna maka mai shekara 10 da kilomita 40,000 kacal, kada farin ciki ya riga tambaya, domin agogon zamani ma ana iya mayar da shi baya da kwamfuta.

Mataki na biyu shi ne gwada lambar da abin da hannu da ƙafa suka taɓa, kuma nan ya kamata ka daɗe. Jiki magayi. Dubi robar da ke kan birki da kuloci, da fatar sitiyari, da kan giya, da gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita. Sitiyarin da ya yi sulɓi da kujerar da ta lotsa ba su dace da motar da aka ce ba ta yi nisa ba. Sabuwar roba fil a kan birkin tsohuwar mota ita ma abin tambaya ce. Ka leƙa gefen taya, inda lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT ke nuna mako da shekarar da aka ƙera tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, sai ka gwada wannan da shekarun motar da tafiyar da aka ce ta yi. Sannan ka nemi takardun sabis, ka bi kwanan wata da kilomitan da aka rubuta, ka ga ko suna hawa a jere. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 dole ta zama ɗaya a takarda, da ƙasan gilashin gaba, da jikin ƙofar direba.

A ganina, mutane suna ba ƙarancin tafiya darajar da ta wuce kima. Motar da ta yi kilomita 200,000 a babbar hanya, ana canza mata baƙin mai a kan lokaci, sau da yawa ta fi wadda ta yi rabin haka a cunkoso, tana tsayawa tana tashi, inji bai gama ɗaukar zafi ba a kashe shi.

Na uku, inji. Ka nemi a bar shi da sanyi har ka iso, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar farko. Idan ka murɗa makulli, fitilun gargaɗi su kama duka, su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne da gangan. Tsaya a bayan motar ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji yana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa yana nuna ruwan lagireto na shiga inji, baƙi kuwa man fetur ne ya yi yawa. Buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga kumfa mai kalar madara, ruwa ya haɗu da mai.

Bodi kuma a duba shi da rana tsaka. Bambancin kalar fenti, ko ratar ƙofa da ta fi ta ɗaya gefen faɗi, suna ba da labarin hatsari. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka shinshina, domin warin danshi, da busasshiyar laka, da tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera alamu ne na motar da ruwa ya taɓa cinyewa, kuma irin wannan gara ka bar ta komai arharta, saboda matsalar wayoyinta ba ta ƙarewa.

Daga ƙarshe ka tuƙa ta da kanka, rediyo a kashe, aƙalla minti 20, a hanya mai kyau da mai gargada. Giya ta shiga ba fizga, birki ya kama ba tare da motar ta ja gefe ba, allurar zafi ta tsaya a tsakiya. Idan ta tsallake wannan, ka kai ta wurin makanikenka, ba na mai sayarwa ba, ya ɗaga ta ya duba ƙasa, ya kuma jona na'urar bincike a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, domin a wasu motocin kwamfutar inji tana ajiye nata lissafin tafiyar dabam da na agogo.