Kafin wayarka ta zama malaminka: neman ilimin addini ta intanet a ƙasar waje

Duk wanda ya baro gida ya zo ƙasar waje, akwai abin da yake rasawa bai ankara ba: malamin nan da zai tare bayan sallar Magariba, ya russuna ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Ba zai gane ba sai ranar da mas'ala ta taso. Lokacin aiki ya cinye Azahar da La'asar, ko azumi ya faɗo a ranakun da yini ya kai sa'a goma sha takwas, ko maganar bashin banki ta zo. A nan ne hannu yake kaiwa ga waya. Ba laifi ba ne, dukkanmu haka muka fara. Abin da nake so ku sani, 'yan'uwa sababbin zuwa, shi ne shafin da ya fara bayyana idan kun rubuta tambaya bai hau sama don ya fi inganci ba.

Imamu Muslim ya kawo maganar Muhammad bin Sirin, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, a gabatarwar Sahihinsa: wannan ilimi addini ne, ku duba daga wurin wa kuke ɗaukar addininku. Shafin intanet ma mai ruwaya ne, kuma tambayar da ake yi wa mai ruwaya ita za a yi masa. Wa ya rubuta amsar? A ina ya yi karatu? Ya faɗi littafin da ya ciro ta? Idan na buɗe fatawa ban ga sunan mai bayar da ita ba, ban ga sunan littafi ko ɗaya ba, rufewa nake yi, ko da kuwa amsar ta yi mini daɗi. Ita ce ma na fi tsoro, amsar da ta zo daidai da son raina.

Sai batun mazhaba, wanda shi ya fi rikita mutanenmu. Yawancinmu da Ahalari da Ishmawi da Risala muka tashi, wato fiƙihun Malikiyya, amma galibin shafukan fatawa na Turanci ba a kan wannan hanya suke amsawa ba, kuma ba kowane ne yake faɗa ba. Ga misali ƙarami. Akwai shafuka biyu masu suna IslamQA. Mai ƙarewa da info Shaikh Muhammad Salih al-Munajjid ne ya kafa shi, mai ƙarewa da org kuma tattara fatawoyin malaman mazhabobi yake yi, mafi yawansu na Hanafiyya. Mutum zai iya karanta ɗaya yau, gobe ya faɗa ɗayan, ya ga amsa ta sauya, ya shiga ruɗani a banza. Ka san hanyar da kowane shafi yake bi kafin ka auna ibadarka da shi.

Ni a kan lokutan salla na fara koyon wannan darasi. A watan Yunin farko da na yi a Ingila, manhajar wayata ta kira La'asar, na yi alwala na tafi masallaci, na tarar babu kowa sai mai shara. Jadawalin da ke bango ya nuna sai bayan fiye da sa'a guda. Masallacin na bin Hanafiyya ne, inda La'asar ke shiga idan inuwar abu ta ninka tsawonsa sau biyu, alhali a wurin sauran mazhabobi uku sau ɗaya ne. Asuba da Isha'i kuma lissafinsu ya danganta da zurfin rana a ƙarƙashin sararin sama: tsarin Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, yana amfani da digiri 18 ga Asuba da 17 ga Isha'i, na ISNA, ƙungiyar Musulmin Arewacin Amurka, digiri 15, na Ummul Ƙura ta Saudiyya kuma yana sa Isha'i minti 90 bayan Magariba in ba a watan azumi ba. A Landan, daga ƙarshen Mayu zuwa cikin Yuli, rana ba ta kaiwa digiri 18 sam, don haka duk lokacin Asuba ko Isha'i da ka gani a jadawali ƙiyasi ne bisa wata fatawa. Buɗe saitin manhajarka ka ga wane tsari aka ɗora ta a kai, sannan ka daidaita ta da masallacin da kake salla.

Hadisi kuwa, Allah ya sauƙaƙa mana bincikensa yadda magabata ba su samu ba. An taɓa turo mana saƙo a zauren WhatsApp, da hoton tuta da rubutu mai ado, wai Manzon Allah (SAW) ya ce son ƙasa yana daga cikin imani. Mai kewar gida zai so ya gaskata. Na kwafi Larabcin na saka a kundin hadisai na shafin Dorar, cikin minti biyu hukuncin malamai ya fito a jere, har da Sagani da ya lissafa shi cikin ƙagaggu. Haka nan "ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne", Ibnul Jauzi ya saka shi a littafinsa na ƙagaggun hadisai. Wanda Larabcinsa bai yi ƙarfi ba zai iya amfani da Sunnah.com, inda matani da fassarar Turanci suke gefe da gefe. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, domin lambobin hadisi suna bambanta daga bugu zuwa bugu. A ƙirgar da ta fi yaɗuwa Bukhari yana da hadisai 7563, wani bugun kuma lissafinsa daban ne. Ka riƙa rubuta sunan babi da kalmomin farkon hadisin. Wanda ya yi haddarsa da Warshu ma zai ga haka a Alƙur'ani: yawancin shafuka da Hafsu suke, Baƙara aya 286, a mushafin Warshu kuwa 285.

Guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, a nemi cikakken karatun kafin a ce malam ya ce. Manhajojin nan masu amsa tambaya kamar mutum kuwa suna iya ƙirƙiro sunan littafi da lambar shafi da babu su, cikin lafazi mai daɗi. Duk abin da suka ba ka, sai ka gan shi da idonka a littafin. Maktabatus Shamila kyauta ce, da dubban littattafan Larabci, kuma tana nuna ko lambobin shafi sun dace da bugun takarda.

Inda mutane da yawa ke asara shi ne wurin adanawa. Hotunan allon waya sun cika ɗari biyar, ranar da ake buƙatar ɗaya sai a rasa. Ni takarda guda nake da ita a kwamfuta, na raba ta yadda littattafan fiƙihu suke rabuwa: tsarki, salla, azumi, zakka, ciniki, aure. A ƙarƙashin kowace mas'ala ina rubuta tambayar da kalmomina, sai amsar a taƙaice, sunan malamin da mazhabarsa, littafi da juzu'i da shafi, adireshin shafin da ranar da na karanta. Sannan in sa alama iri uku: na tabbatar, ina jira, na watsar. Waɗanda na watsar ba na goge su, domin bayan wata shida wani zai sake turo su, in ba haka ba sai in sake binciken daga farko. Shafuka suna mutuwa, don haka fatawa mai muhimmanci ka sauke ta ka ajiye, ko ka adana ta a Wayback Machine, shafin da ke ajiye kwafin shafukan intanet. Ɗalibin da ke rubuta kundin jami'a ya koyi Zotero, manhajar tsara littattafan da aka dogara da su, tun makon farko, kyauta ce.

Wasu mas'aloli na zaman nan ne kaɗai, kamar bashin sayen gida da rajistar aure, kuma malamin da bai san dokar ƙasar ba zai iya amsa wata tambayar da ba ita aka yi masa ba. Akwai majalisar fatawa ta Turai da aka kafa a 1997, mazauninta a Dablin, akwai kuma majalisar fiƙihu ta Arewacin Amurka. Ba kowane malami ne ya yarda da duk matsayarsu ba, amma ya kamata ka san abin da suka ce da dalilinsu. Maganar saki, gado, ko kuɗin da ya shafi haƙƙin wani, kada ka yanke ta a kan waya. Buga abin da ka tattara a takarda, ka je wurin limami bayan sallar Juma'a, ka gaya masa a Malikiyya ka yi karatu, ka nemi ya sa maka ranar da za ku zauna.